Tambaya da Amsa: Jirgin da ba shi da inji, da mutanen da ke ɗaga shi ba albashi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na ɗan taɓo zancen jirgin sama mara inji a wannan fili kwanakin baya saƙonni ke ta shigowa, wasu tambaya suke da gaske, wasu kuma cewa suke haba Malam wannan ai gatanan gatananku ce. To yau filin gaba ɗaya nasa ne. Turawa na ce masa gilaida, nima haka zan riƙa kiransa don sauƙi. Lokacin da nake karatu a Ingila na yi kusan shekara biyu ina zuwa wata ƙaramar ƙungiyarsu duk ƙarshen mako, na riƙe fiffike, na ja waya, na tura jirgi cikin taɓo, an kuma tashi da ni, saboda haka yawancin abin da zan faɗa na gani ne da idona. Bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Birmingham, wata Asabar muka je hawan tsauni wajen Church Stretton da abokan karatu sai ga wasu fararen jirage masu dogayen fukafukai suna shawagi a kanmu, ba ƙara ko kaɗan sai ɗan fito kamar iska ta ratsa taga. Aka ce min wai ba su da inji. Ta yaya abu mai nauyi, da mutum a ciki, zai zauna a sama ba inji? Daga ɗalibi a Birmingham.

Amsa: Ƙanina, ba a yi maka ƙarya ba. Tsaunin da kuka hau Long Mynd sunansa, a samansa akwai filin wata ƙungiya, Midland Gliding Club, da aka kafa tun 1934 kuma har yau tana nan. Amsar tambayarka kuwa ka sha ganinta tun kana yaro a gida, ba ka dai lura ba ne. Ka tuna ungulaye a saman kwata? Da sassafe suna kan rufi ko kan bishiya sun yi jugum, amma hantsi na dubawa sai ka gansu sun buɗe fukafukai suna jewa, ba sa kaɗawa ko sau ɗaya amma sai ƙara nisa suke har su koma ɗigo. Rana suke jira ta gasa ƙasa. Ba ko'ina ke ɗaukar zafi daidai ba, fako da kwalta da rufin kwano da gonar da aka share sun fi fadama saurin zafi, iskar da ke kansu sai ta yi sauƙi ta kama hanyar sama kamar hayaƙi, illa dai ita ba a ganinta. In an kunna wuta a juji ai kana ganin yadda leda da toka ke tashi, to haka take, sai dai wannan tana iya kaiwa har gindin gajimare. Ungulu zagaye take don kar ta fita daga ciki. Matuƙin gilaida ma abin da yake yi ke nan, kuma in ya hango tsuntsu na jewa wallahi can yake nufa, ungulu ai ba ta jewar banza.

Abin da nake so ka riƙe shi ne gilaida kullum sauka yake, ko da kana ganinsa yana hawa. Zamewa yake cikin iska a hankali, abin bai kai mita ɗaya a daƙiƙa ba. In ya faɗa cikin iskar da ke hawa da mita uku a daƙiƙa kaga ya ci ribar mita biyu da wani abu. Kamar randa ce mai tsiyaya, in abin da ake zuba mata ya fi abin da ke ɗiga ai cika za ta yi. Dogayen fukafukan nan su ke rage tsiyayar. Jirgin koyo da aka fi sani, ASK 21, wanda kamfanin Alexander Schleicher na Jamus ke ƙerawa, daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 17 ne, kuma in yana da tsawon kilomita ɗaya daga ƙasa, iska kwance, zai yi tafiyar kusan kilomita 34 kafin ya dira. Na shiga gasa suna wuce 50. A gaban matuƙi akwai wata 'yar na'ura mai kuka, in ana hawa kukan ya yi tsini ya yi sauri, in ana nutsewa ya koma gurnani, an yi ta haka ne don kar mutum ya kafe ido a kan agogo ya bar kallon waje. Akwai kuma ɗan zaren ulu da ake mannawa a jikin gilashi, zare kawai fa, in ya miƙe sak tafiya ta yi daidai, in ya karkace to a gicciye kake tafiya.

Amma waɗanda ka gani ɗin mai yiwuwa ba ma wannan iskar suke hawa ba. Long Mynd doguwar ganuwa ce mai kallon yamma, in iska ta taso daga wajen Wales ta bugi gangaren ba ta da wurin bi sai sama, sai jirgi ya riƙa kai da komo a gefen tsaunin yana hawanta, in dai ba ta faɗi ba yana iya wuni. Akwai kuma iskar hawa ta uku, ita ta fi ba ni mamaki. Iska mai ƙarfi in ta tsallake manyan duwatsu sai ta riƙa tashi da faɗuwa a bayansu, yadda ruwan kogi ke yin igiya bayan ya haye dutse, kuma igiyar na hawa nesa fiye da dutsen kansa. Ita Bajamushen nan Klaus Ohlmann ya hau ya yi kilomita 3,008 a tashi ɗaya a kan tsaunukan Andes na Ajantina a Janairun 2003, ita ce kuma ta kai jirgin Perlan 2 sama da ƙafa 76,000 a Satumbar 2018, nan ma Ajantina, kusan ninki biyu ke nan na inda jiragen fasinja ke bi.

Tambaya: Oga na yarda yana zama a sama, amma wa ke kai shi saman tun farko? Ko mota in batir ya mutu sai an tura ta. Daga bakanike a Panteka, Kaduna.

Amsa: Oga ka kama bakin zaren, taimakon ake yi masa, sai dai ja ne ba turi ba. Hanyar da ta fi araha, a can ƙarshen fili ake girke wani inji mai ƙarfi irin na babbar mota, an haɗa masa ganga mai naɗe waya, tsawon wayar kan wuce kilomita ɗaya. Mota ce ke jawo bakin wayar har inda jirgi yake, a maƙala a ƙugiyar da ke ƙarƙashin cikinsa. Sai a ba mai inji alama da fitila ko rediyo ya fara ja a hankali har waya ta miƙe, sannan a ba shi ta biyu ya sakar mata wuta. Cikin 'yan daƙiƙu jirgi ya bar ƙasa, hanci a sama kamar mai hawa tsani, kafin minti ɗaya ya cika ya kai mita 300 zuwa 500, matuƙi ya ja wani ɗan ƙulli rawaya waya ta rabu da shi ta sauko da 'yar lemarta. Ranar da aka fara tashi da ni haka Innalillahi kawai nake maimaitawa, sai da waya ta saki na ji duniya ta yi tsit, ba abin da kake ji sai iska, wannan shirun har yau ban manta shi ba. Wani abu da zai burge ka a matsayinka na mai sana'a: kusa da bakin wayar akwai wani ɗan ƙarfe da aka yi shi takanas don ya tsinke in ja ya yi yawa, kamar fis ɗin wutar mota, gara shi ya karye da a ɓalla jirgi. Kowane irin jirgi da nasa, launi-launi ne, mai maƙalawa sai ya nuna wa matuƙi kafin ya saka.

Hanya ta biyu ƙaramin jirgi mai inji ne ke jansa da igiya, yawanci zuwa ƙafa 2,000, ya fi daɗi ya fi tsada. Ta ukun tsohuwa ce, kuma Long Mynd na cikin wurare ƙalilan da har yanzu ake yinta in iskar yamma ta yi ƙarfi: igiyar roba mai kauri, mutane su kasu biyu kowa ya kama, su ruga gangare a guje, wani ya riƙe wutsiyar jirgi har roba ta miƙe sannan ya saki, yadda yara ke harbi da danƙo.

Yanzu ka ƙirga min hannaye. Gilaida taya ɗaya yake tsayawa a kai a tsakiya, in yana ƙasa fiffike ɗaya a kwance yake, dole wani ya ɗaga shi ya ɗan yi gudu da shi. Ga mai maƙala waya, ga mai ba da alama, ga mai inji, ga direban da ke jawo waya, ga mai rubuta lokacin tashi da sauka. Mutum ɗaya zai tashi amma sai biyar ko shida sun tsaya masa a ƙasa.

Tambaya: Malam ka ce masu wannan aiki ba a biyansu. Ni dai ban gamsu ba, wa zai bar hutunsa ya je ya wuni cikin sanyi yana tura wa wani jirgi kyauta? Ko dai gwamnati ko wani attajiri na bayansu. Daga malamin makaranta a Maradi.

Amsa: Malam nima da irin wannan zato na je, kuma wannan tambayar taka ita ta fi min duk sauran muhimmanci, don abin da ya riƙe ni a wurin ba jiragen ba ne, mutanen ne. A Birtaniya akwai ƙungiyoyi kusan 80 ƙarƙashin uwar ƙungiya British Gliding Association da aka kafa a 1929. Manyan cikinsu, irin Lasham ko ta London da ke Dunstable, wadda aka kafa a 1930, suna da 'yan ma'aikata masu albashi saboda kullum suna buɗe, amma yawancin ƙananan daga shugaba har mai share banɗaki 'yan ƙungiya ne, ba mai karɓar ko sisi, hasali ma su ke biya. Kowa na ba da kuɗin shekara, in ka tashi ka biya kuɗin ja da na mintunan da ka yi da jirgin ƙungiya, da wannan ake sayen mai da waya, a biya inshora da hayar fili. Masu ɗan hali sukan haɗu su uku ko huɗu su yi karo-karo su sayi jirgi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Bari in ba ka yadda Asabar ke tafiya a inda na zauna. Wajen takwas na safe an buɗe rumfar jirage, a fito da su ɗaya-ɗaya a hankali don a cushe suke fiffike kan fiffike, kowane jirgi a duba shi kaf, a motsa sandar tuƙi a ga kowane sashe ya amsa, a sa hannu a littafinsa. Wani ya ɗauki mota ya zagaya fili ya ga ko akwai rami ko wani abu da aka yar, a wasu filayen ma sai an kori tumaki, a Long Mynd kam tumaki tare suke da jirage. A duba inda iska ta fuskanta a kai inji can ƙarshe. Akwai jadawali a jikin allo, kowa ya san ranar aikinsa tun watanni kafin, in ba za ka samu zuwa ba kai za ka nemo wanda zai canje ka. Malamin da ya koya min, ranar Litinin mai gyaran famfo ne, ranar Asabar kuma yana kujerar baya tun safe har la'asar, ɗalibi ya sauka wani ya hau, shi yana zaune, ya ci jarrabawar koyarwa da kuɗinsa da lokacinsa, ladansa kofin shayi. Mai inji kuwa shi na fi tausayi, yana can nesa shi kaɗai cikin keji, wani lokaci ya wuni yana ɗaga mutane shi bai tashi ba. Da hunturu in sama ta rufe sai a koma gyara, a kwance jirage a duba su, masu dubawar ma 'yan ƙungiya ne da uwar ƙungiya ta tantance, a yi wa tarakta sabis, a toshe rufin da ke yoyo, a cike ramuka. Likita da direban bas da ɗan sakandare duk hannu baƙi ƙirin da giris.

Na kan kwatanta shi da gayya amma ba daidai ba ne sosai, don a gayya akwai mai gona. Nan kowa mai gona ne. Ya fi kama da adashi, sai dai ƙarfinka kake zubawa, ka tura na wasu sau goma sannan kwasarka ta zo. Abin da ke sa su yi ke nan Malam: in da biyan duk waɗannan hannaye ake da sai masu kuɗi kaɗai za su tashi, su kuma so suke su tashi.

Tushen abin ma haka yake. Bayan yaƙin duniya na ɗaya yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu a harkar jiragen sama, sai matasa da ɗaliban jami'a suka koma kan hanyar da Otto Lilienthal ya bari, wanda ya yi ta tsalle daga kan tudu da fukafukan da ya ƙera har ya rasu a faɗuwa a 1896. Suka riƙa haɗa jirage da katako da yadi suna hawa da su tsaunin Wasserkuppe, aka yi gasar farko a can a 1920, kuma tun ranar tashin gilaida aiki ne na taimakon juna.

Fili kuwa shi ne babban ciwon kai. Da yawa tsofaffin filayen jiragen yaƙin duniya na biyu ne. Lasham a Hampshire an gina shi a 1942, ƙungiyoyin da ke wurin suka dunƙule a 1958, amma sai a 1999 suka samu suka saye filin ya zama nasu. Waɗanda ke haya kullum gabansu na faɗuwa, don fili shimfiɗaɗɗe mai faɗi haka masu gina gidaje na zawarcinsa, ga kuma filayen jiragen kasuwa da ke ta neman a ƙara musu sararin sama, wanda ke matse inda gilaida zai bi. Kuma kar in ɓoye maka, ba aljanna ba ce. Furfura ta yi yawa a cikinsu, matasa ba sa zama, akan samu mutum goma su ke ɗauke da nauyin mutum ɗari, akwai kuma masu zuwa da hantsi su tashi su shige mota su tafi kafin a mayar da jirage. Ba a korarsu, amma kowa ya san su, kuma ni a ganina waɗannan sun fi masu gina gidaje haɗari ga ƙungiya, don fili ana iya neman wani, amma in masu buɗe rumfa da safe suka gaji an gama.

Tambaya: Malam don Allah ka ba ni shawara. Muna zaune a Manchester, yarona ɗan shekara 15 ya nace sai ya shiga irin wannan ƙungiya, wai matuƙin jirgi yake so ya zama. Ni ko hankalina ya ƙi kwanciya, jirgi ba inji in wani abu ya faru fa? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, tsoronki na uwa ne kuma ba zan ce miki babu haɗari ba, akwai, ana yin hatsari, wani lokaci har da rasa rai. Amma rashin inji ba shi ne matsalar ba, jirgin da aka ƙera don ya tashi ba inji ai ba shi da injin da zai mutu. Inda aka fi samun matsala wajen tashi da waya ne, da yin kwana ba isasshen gudu kusa da ƙasa, da kuma karo a sama in jirage sun taru a iska ɗaya. Duk ukun a kansu koyarwa ta fi tsanani. Ba za a bar yaro ya tashi shi kaɗai ba sai malami ya sha sakin waya da gangan a tsakiyar hawa ba tare da ya gaya masa ba, a ga ko zai sunkuyar da hanci nan take ya zaɓi wurin sauka. Ana goya lemar tsira a baya, yawancin jirage kuma na ɗauke da wata na'ura, FLARM, da aka ƙirƙiro a Siwizalan a 2004, mai yin kuka in wani jirgi ya kusanto. Doka a can ta yarda yaro ya tashi shi kaɗai daga shekara 14, amma ba shekaru ke ba shi ba, malamai ne, kuma yawanci sai an yi tashi 50 zuwa 100 tare da malami tukunna. Har nauyinsa za a auna, in bai kai ba a ƙara wa jirgi dalma a gaba.

In hanya ta ƙare masa nesa da gida, wato iskar hawa ta mutu, wannan kuma sai ya ƙware sosai kafin a bar shi ya yi nisa, gona yake zaɓa ya sauka, akwai birki a fukafukai da ke sa shi dira a ɗan wuri. Ya nemi mai gona ya ba shi haƙuri, ya buga waya, abokai su zo da doguwar tirela a zare fukafukai a loda a koma. Abu ne da aka saba.

Batun zama matuƙi kuwa ya zaɓi ƙofa mai kyau. A ranar 23 ga Yulin 1983 wani Boeing 767 na Air Canada mai ya ƙare masa a sama saboda kuskuren lissafi, injuna biyu suka mutu, kyaftin ɗin Robert Pearson ya kasance gwanin gilaida ne, ya lallaɓa jirgin ya sauke shi a wani tsohon filin soja a Gimli, mutum 69 ke ciki ba wanda ya rasu. Shawarata ki je da shi da kanki, ki wuni, ki ga yadda suke duba jirgi da yadda suke yi wa yara magana, ki tambayi tsarinsu na kula da ƙananan yara da ragin kuɗin matasa, yawancinsu na da shi. In kin ga ana wasa da ƙa'ida ki ɗauke ɗanki. In kin ga tsari, to ki yi masa addu'a ki bar shi, zai dawo miki ya iya tashi da wuri da ɗaukar aikin da ba wanda ya sa shi.

Tambaya: Shin an taɓa yin wannan a Afirka, kuma zai yiwu a wajenmu? Daga mai karatu a Zangon Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa a ƙasarku ma aka yi. A 1962 Kwame Nkrumah ya gayyato Bajamushiya Hanna Reitsch ta buɗe makarantar gilaida a Afienya, ba nisa da Tema, aka koyar da matasan Ghana. Matar gwana ce a sama ba musu, amma tarihinta ba mai daɗi ba ne, matuƙiyar gwajin jirage ce ta gwamnatin Hitler kuma tana cikin na kusa da shi, dole a faɗi wannan. Da aka hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966 ta bar ƙasar, makarantar kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne an gina ta ne daga sama, a kan mutum biyu, da suka tafi babu 'yan ƙungiyar da za su ce tamu ce. Ta Long Mynd ta girme ta da shekara 28, ta ga yaƙin duniya, tana nan.

A kudancin nahiyar kuwa abin na tafiya sosai. Bitterwasser a Namibiya da Gariep a Afirka ta Kudu duk shekara wajen Nuwamba zuwa Janairu Turawa ke loda jiragensu a kwantena su kawo, saboda zafin ƙasa da tsawon gajimare, tafiyar kilomita 1,000 a rana ba baƙon abu ba ne a can. Mu ma rana ba ta yi mana rowa ba. 'Yar guguwar nan da ke murɗa ƙura da kara a fili lokacin bazara gindin iskar hawa ce, matuƙan ƙasashe masu zafi nemanta suke da ido. Ƙurar hunturu za ta hana, don tashin nan da ido ake yinsa, hadarin damina kuma guje masa ake. Sai izinin hukumar jiragen sama, da batun tsaro, don jirgin da ke iya sauka a gonar kowa sai inda hankali ke kwance, da kuɗin shigo da jirgi mai kujera biyu ko da tsoho ne. Injin jan waya kam na tabbata oganmu na Panteka zai haɗa shi. Abin da zan fara nema kafin duk wannan mutum ashirin ne da za su zo duk Asabar shekara guda, su share fili su cike rami, alhali ba a kawo jirgin ba tukunna.

Tambaya: Malam ni ne na Birmingham kuma, na yanke shawarar zan je in gwada. Me zan tafi da shi?

Amsa: Madalla ƙanina. Ka fara buga musu waya ka kama rana, kusan duk ƙungiyoyin na da tashin gwaji na baƙi, kuma ka sa a ranka sama na iya ɓaci a ɗage maka. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri ko da bazararsu ce, saman tsauni iska ba ta wasa, da takalmin da ba ka jin taɓo ya ɓata, da tabarau na rana da 'yar hula mara dogon baki don kar ta tare maka kallon sama. Ka ci abinci kaɗan, kar ka je da yunwa kar kuma ka cika ciki, zagayen nan na juya wa sabon shiga kai, in ka ji haka ka gaya wa malami nan take zai miƙe jirgin. Ka sa sallaya a jaka, wuri ba ya ƙaranci, ka dai tambaya su nuna maka gefen da waya ba ta faɗowa. Kar ka taka waya ko ka tsallaka ta, kar ka bi ta gaban jirgin da aka maƙala wa ita, in kuma ka ji an daka tsawar a tsaya ka tsaya cak, kowa a filin na da ikon tsayar da tashi, har kai baƙo in ka ga abin da bai yi maka ba. Ka isa kafin a buɗe rumfa, kuma bayan an sauke ka kar ka tafi, ka tambayi wanda ke riƙe da jadawali inda za ka kama. In ka dawo ka rubuto mana yadda ta kaya.